Tsakanin Kano, Doha da Landan: Nisan da ake yi don neman hutu

Sama da kilomita 4,700 ne ke tsakanin Kano da Doha, babban birnin Qatar. Kafin watan Maris na 2022, lokacin da kamfanin Qatar Airways ya fara zuwa Kano, Bakanon da ke son ganin kasuwar Souq Waqif sai ya fara bi ta Abuja ko Legas, ko kuma ya sauya jirgi a wata ƙasa. Hanya ta yi sauƙi, amma faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kuɗin tikiti ya fi ƙarfin iyalai da dama.

Da yawa daga cikin baƙin Qatar ba daga nesa suke fitowa ba. 'Yan Saudiyya ne kan gaba, kuma da yawansu a mota suke shiga ta iyakar Abu Samra, wadda ta kasance a rufe daga 2017 zuwa Janairun 2021 saboda rikicin diflomasiyya.

Yanayi ne ke raba lokacin kowa. Baƙi sun fi tururuwa daga Nuwamba zuwa Maris. Tsananin zafi ne ma ya sa aka ɗage gasar cin kofin duniya ta 2022 zuwa ƙarshen shekara. Da zarar zafi ya haura digiri 40 a watan Yuli, masu hali a Doha su ma sai su haɗa kaya. Da yawa Landan suke nufa, tafiyar kimanin sa'o'i bakwai a jirgi, inda kantin Harrods yake hannun Qatar tun 2010.