Fijo 504: Motar da Kanikawa Suka Raya

Yau zancen mota za mu yi, motar da aka daina ƙerawa kusan shekara 20 da suka wuce, amma har gobe in ka je tashar wani ƙauye ranar kasuwa kana iya tarar da ita an labta mata buhuna, tana jiran fasinja ɗaya ta tashi. Peugeot 504 nake nufi, wadda mu a nan muka fi sani da Fijo. Duk inda aka ambace ta a zauren hira, sai ka ji wani dattijo ya ce ai wannan mota ba ta mutuwa. Akwai gaskiya a maganar, amma da saura. Fijo tana lalacewa, tana zafi, tana tsatsa, kamar kowace mota. Abin da nake so mu duba yau shi ne dalilin da ya sa duk lokacin da ta faɗi ake samun mai tayar da ita, domin a ganina nan ne asirin daɗewarta yake.

Tarihinta a gurguje. An fito da ita a birnin Paris a watan Satumba na 1968. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffar jikinta, ana ƙera ta a garin Sochaux na Faransa, kuma ita ce ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Ta fara da inji mai silinda huɗu, lita 1.8, a 1970 aka ƙara shi zuwa lita 2, akwai kuma mai shan gas. Gudunta wajen kilomita 160 ne a awa. Daga baya aka fito da doguwar mai layin kujeru uku, sannan a-kori-kura. A Turai an daina ƙera ƙaramar a 1983, bayan an yi sama da miliyan 3. Ku riƙe wannan shekara, 1983, don za mu dawo kanta.

Waɗanda suka zana ta, magidancin Faransa suke tunani, likita ko malamin makaranta mai ɗaukar iyalinsa zuwa hutu. Sai dai hanyoyin karkarar Faransa na wancan zamani ba su da santsin da muke zato, kuma injiniyoyin Peugeot sun saba gina mota don hanya mai gargada. Saboda haka suka ba ƙafafunta sarari mai yawa na hawa da sauka. In taya ta faɗa rami, sifirin da shakazoba ne ke shanye dukan kafin ya iso ga bodi, balle ga bayan fasinja. Ƙaramar ta farko kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai, kuma birkin faifai ne a tayoyin huɗu, abin da ba kowace motar iyali ke da shi ba a 1968. Sannan ga wani abu da ya fi jan hankalina. Tayoyin baya ne ke tura motar, kuma farfelar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya an zura ta cikin wani bututun ƙarfe mai kauri. Bututun nan yana kare farfelar daga dutse da yashi da laka, yana kuma ɗaure injin da giya da ƙafar baya su zama abu guda, ta yadda jijjigar hanya ba ta wargaza su. Doguwar da a-kori-kura kuwa an ba su gatarin baya guda mai ƙarfi don ɗaukar nauyi. Ku haɗa wannan da kujeru masu laushi da tsayin cikinta daga ƙasa, za ku gane abin da ya sa direba kan tashi daga Kano ya kai Maiduguri, ya sauka bai riƙe ƙugu ba.

Shaidar wannan ba ta tsaya a bakin direbobi ba. A 1975, a gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, wadda ake yi a kan dubban kilomitoci na turɓaya da taɓo da duwatsu, kamfanin Lancia na Italiya ya zo da motarsa Stratos, wadda aka ƙera ta musamman don tsere, kuma ta fi Fijo gudu nesa ba kusa ba. Amma da aka kai ƙarshe, wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, shi ne ya zo na ɗaya a cikin 504, motocin Stratos biyu suna biye da shi. A shekarar ce kuma Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da irin wannan mota. An ƙarfafa motocin tseren, wannan gaskiya ne, amma ƙashin bayansu shi ne na motar da ake sayarwa a kasuwa. Gudu bai ba ta nasara ba. Ta yi nasara ne saboda hanyar da ke karya wasu ita ba ta karya ta da wuri.

To, wannan rabin labarin ne. Rabi na biyu yana ƙarƙashin bonet. Injin 504 inji ne da mai ido da kunne zai iya ganewa. Mafi yawan waɗanda suka zo mana kafireta gare su, ba kwamfuta, ba na'urar da sai an jona kafin a san ciwonta. In ta ƙi tashi, bakanike ya duba filogi, ya duba kwantak, ya busa kafireta, yawanci a nan matsalar take. In kuma injin ya tsufa har ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ba a yar da shi. Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba, wasu kwanson ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi. Ma'ana injin da ya yi shekaru yana aiki ana iya mayar da shi kusan sabo a gareji na bakin titi, a ƙarƙashin inuwar darbejiya. Da yake kuma Peugeot ba ta riƙa sauya fasalin motar kowace shekara ba, kayan wadda ta mutu sukan shiga jikin wadda ke raye. Mota ɗaya in ta kwanta, sai ta ciyar da uku.

Amma sauƙin gyara ba ya amfani in babu kayan gyara da masu gyaran, kuma nan ne Kaduna ta shigo. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Ku saurari yadda kayan haɗa motar suke isowa, don abin mamaki ne. A wancan lokaci tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, ɗaruruwan jirage ɗauke da siminti suna jiran layi wata da watanni. Sai aka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA na Faransa suka riƙa tasowa daga birnin Lyon, cike da sassan mota, suna sauka a filin jirgin sama na Kano, daga nan a loda wa manyan motoci su kai Kaduna. Ƙofofi, injuna, gilasai, duk ta sama. Shekaru aka yi ana wannan jigila. A ƙarshe masana'antar Kaduna ta haɗa 504 sama da dubu 400, kuma ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, wato fiye da shekara 20 bayan 1983 ɗin nan da Turawa suka yi sallama da ita. Kenya ma ta haɗa tata har 2004, Ajantina har 1999. Kowace mota da ta fito daga Kakuri ta ja wani yaro ya shiga koyon gyara, ta ja wani ɗan kasuwa ya buɗe shagon kayan Fijo. A Nijar kuma wata hanyar ta biyo: a shekarun 1970 da 1980 matasan Turai kan sayi tsohuwar 504 da arha, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su sayar da ita a Arlit ko Agadez ko Yamai. Motar da Bature ya gama da ita, a nan take fara aiki.

Na san akwai mai saurare da zai ce, malam, ai ba ƙarko ne ya yaɗa Fijo ba, gwamnati ce. Yana da hujja. Bayan 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, manyan jami'ai suka koma shiga 504, ma'aikatu da 'yan sanda da sojoji suka riƙa sayenta, ma'aikaci ya karɓi rancen mota ya nufi dilan Fijo, ga kuma harajin da ya tsadar da motocin waje. Duk wannan ya faru. Amma hujjar ba ta rusa maganata ba, ƙarfafa ta ta yi, tunda abin da nake cewa shi ne ƙarkon mota ya dogara da abin da ke tsaye a bayanta. Sannan umarnin gwamnati yana iya sa a sayi mota sabuwa, ba ya iya sa direban haya ya sayi ta hannu na huɗu da kuɗin gumin kansa. A Senegal babu masana'antar Kakuri, babu dokar Obasanjo, amma doguwar 504 ce ta zama motar haya tsakanin garuruwa shekara da shekaru. Direban haya ba ya sayen mota don kishin ƙasa. Lissafi yake yi.

Wani kuma zai ce, in ana maganar mota marar ba da wahala, ai motocin Japan sun fi ta. A nan ma ban musa ba, in abin da ake aunawa shi ne sau nawa mota ke zuwa gareji. Fijo tana son kulawa. In lagireto ya toshe ko fanbel ya tsinke direba bai lura ba, sai ta yi zafi, kan injin da yake na alminiyam ne ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Wayoyin wutarta kan ba da ciwon kai in ta kwana biyu. A Turai tsatsa ce ta cinye yawancinsu saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, mu kuwa busasshiyar iskar arewa ta yi mana rana. Tana kuma shan mai fiye da motocin yanzu masu girmanta. Sai dai mai mota a ƙauyen da ke da nisan awa uku daga birni, tambayarsa daban ce. In ta tsaya, kwana nawa za ta yi a tsaye, kuma nawa za ta ci? Motar da ke lalacewa sau huɗu a shekara a gyara ta kafin la'asar ta fi masa amfani a kan wadda ke lalacewa sau ɗaya ta yi wata biyu ana jiran kaya daga Legas. Da wannan ma'auni Fijo ta yi zarra a zamaninta. Kuma da wannan ma'aunin ne aka kayar da ita daga baya, lokacin da kayan Toyota da na Golf suka cika kasuwanni, kanikawa suka koye su.

Akwai ƙorafi guda da ba ni da amsarsa, kuma ba na so a rufe shi da ƙaunar tsohuwar mota. Shi ne tsaron rai. Fasalin 1968 ne. Babu jakar iska, babu birkin da ke hana taya kullewa, kuma jikinta bai kai na motocin yau iya kare mutum ba in aka yi karo. Doguwar da aka yi don mutum bakwai, a tasha akan cusa mata fiye da haka, a ɗaure kaya a bisa, a taka ta da tsofaffin tayoyi. Iyalai da yawa sun yi rashi a cikinta a hanyoyinmu. Sauƙin gyaran nan da nake yabo shi ma yana da hatsarinsa, domin yakan sa a ci gaba da lallaɓa motar da ya kamata a ce ta huta.

Lokaci yana neman ƙure mana, bari in taƙaita ƙarshen labarin. Masana'antar Kaduna ta dogara ne da sassan da ake shigowa da su daga waje. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai farashin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Kwatano suka kwararo, kasuwa ta juya. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a kamfanin. Da a ce a shekarun da ake jigilar nan ta sama an dage an koyi ƙera fistin da gasket da shakazoba a gida, da faɗuwar naira ba ta yi wa masana'antar irin wannan illa ba.

Kirana ga masu tsara manufar haɗa motoci a yau shi ne su fara da kayan gyara da horar da kanikawa, kafin bikin yanke kyalle. Kai kuma mai shirin sayen mota, kafin ka tambayi gudunta, je ka tambayi bakaniken unguwarku ko ya san ta, ka leƙa kasuwa ka ga ko akwai kayanta. Direbobinmu da har yanzu ke neman abinci da 504, don Allah a duba birki da taya kafin a ɗauki rayukan jama'a, a kuma daina lodin da ya wuce ƙima.