Abin da ke cikin ƙwayar gishiri

Gishirin da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma abu biyu ne suka haɗu suka yi shi: sodiyom da kulor. Sodiyom ƙarfe ne mai taushi, in ya taɓa ruwa sai ya kama tafasa, har ya yi wuta. Kulor kuwa iska ce mai guba, danginta ne ake jin wari cikin ruwan jabel. To, ƙaƙa abubuwa biyu masu haɗari suka zama abin sawa cikin miya? Wanga tambaya tana cikin karatun da yara ke yi a kwaleji da lise, kuma tana fitowa ga jarrabawa.

Kowane abu na duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sunansu atom. A tsakiyar atom akwai cibiya mai ɗauke da puroton. Su ke da alamar (+), irin wadda ke bisa kan pil na rediyo. Kewaye da cibiya akwai elektaron, masu alamar (−). Wani masani na Ingila, Thomson, shi ya gano elektaron cikin 1897.

Elektaron ba su zama barkatai. Suna jere ɓawo bisa ɓawo, kamar albasar Galmi. Ɓawo na ciki, mai suna K, biyu kaɗai yake ɗauka. Na biyu, L, yana ɗaukar takwas. In ya cika, sauran su wuce na uku, watau M.

Sodiyom yana da elektaron 11. Ga jerinsu: 2, 8, 1. Kulor yana da 17: 2, 8, 7. Mai lissafi ya riga ya ga inda zancen ya dosa. Atom ya fi samun natsuwa in ɓawonsa na waje yana da takwas. Sodiyom yana da guda ɗaya tal a waje, kulor kuwa guda ɗaya ya rage masa ya cika. Sai sodiyom ya ba kulor wannan ɗayan. Sodiyom ya koma 2, 8. Kulor ya zama 2, 8, 8. Atom da ya bayar ko ya karɓi elektaron, shi ake kira iyon.

Nan ne yara da yawa ke faɗuwa. Suna cewa wanda ya bayar ya ragu, don haka alamarsa (−) ce. Ba haka ba ne. Sodiyom yana nan da puroton 11, amma elektaron 10 suka rage masa. Masu (+) sun fi yawa da ɗaya, sai a rubuta Na⁺. Kulor yana da puroton 17 da elektaron 18, sai a rubuta Cl⁻.

Mai (+) da mai (−) suna jan juna, su riƙe juna gam. Gishiri ke nan. In an jiƙa shi cikin ruwa, iyon ɗin su rabu, amma ba su komawa ƙarfe ko iska mai guba. Su ne jikin yaro ke rasawa in yana zawo, shi ya sa likita ke cewa a ba shi ruwan gishiri da sukari.