Lodin Jirgin Fito a Ruwan Bagwai

Ƙasar arewacin Kano ƙasar noma ce, gona na bin gona, gari na hangen gari. Mutanenta sun san jaki da mangala tun kaka da kakanni, amma jirgi baƙo ne gare su. Sai da aka datse kogin Watari a Bagwai, ruwa ya kwanta a kan tsofaffin hanyoyi, sa'an nan fito ya zama tilas ga mai zuwa kasuwa da mai zuwa karatu.

Ran Talata 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgi ya taso daga Badau zai ƙetare zuwa Bagwai. Yawancin na ciki ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. Bai kai gaci ba ya kife, aka tsamo gawa 29 kafin a ci gaba da neman saura. Allah ya jiƙansu. Hukuma ta ce lodi ne ya fi ƙarfin jirgin.

To, lodin jirgi da ɗaurin jaki hukuncinsu ɗaya, watau kada gefe ya rinjayi gefe. Sai dai jaki in kaya ya karkace yakan tsaya ya yi gardama, jirgi kuwa ba ya gardama, kifewa yake yi. Saboda haka kaya masu nauyi su ake fara sawa, a shimfiɗa su a ƙasa, a tsakiya, ba a tula su sama ba, ba a goshi ba. Ɗan kasuwa ya tuna buhun hatsi mai kilo 100 ya fi ƙato guda nauyi, ko da bai ci wurin zama ba. Babur a kwantar da shi a ɗaure. Bayan haka mutane su shiga ɗaya ɗaya, dama da hagu, kowa ya zauna. Wanda ya miƙe tsaye ya ɗaga nauyin sama ke nan, in yara goma suka zabura wuri guda don tsoron igiyar ruwa, an gama. Ruwan da ya taru a cikin jirgi shi ma maƙiyi ne, zama duk inda jirgi ya karkata can yake gudu ya ƙara masa rinjaye, don haka a kwashe shi tun a gaɓa.

Ingila ma ta sha wannan masifa, har wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya dage aka yi doka a 1876, a zana layi a jikin jirgi, in ruwa ya rufe shi lodi ya wuce haddi. Layin nan fenti kaɗan yake ci. Malamin da ya rako almajirai yana iya dubansa da idonsa tun daga tudu, in ya ga ya nutse ya raba yaran sahu biyu, kowa da rigar ruwa, a ƙetare tun rana ba ta faɗi ba.