Ƙauyen da ya riƙi amanar kaburbura

A kudancin ƙasar Holan akwai wani ƙauye mai suna Margraten, inda aka binne sojojin Amurka fiye da 8,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun 1945 mutanen yankin suka fara ɗaukar nauyin kaburburan, kowane gida da nasa, ba don a biya su ba. Sukan kai furanni, wasu har su rubuta wa dangin mamacin wasiƙa. In uba ya rasu, ɗa ya gaji amanar. Yau kowane kabari yana da mai ziyartarsa, wasu ma suna jiran layi. A 2015 kuma 'yan sa-kai suka fara ajiye hotunan sojojin a gefen kaburburansu, domin mai ziyara ya ga fuskar wanda ke kwance.