Sana'ar iyon salo huɗu

Wanda ya tashi a Jimeta ba za a koya masa mene ne iyo ba. Yaran bakin kogin Binuwai da na tafkin Geriyo suna faɗawa ruwa tun kafin su iya haɗa baƙi, kuma a bikin kamun kifi na Njuwa a Yola akan yi tseren iyo da na kwale-kwale. Sai dai galibi wannan iyon na maza ne, na neman abinci ko na tsira da rai. A wasu ƙasashe kuwa iyo sana'a ce sukutum, mata na ci da sha da ita, kuma reshenta mafi wuya shi ne tseren da mace ɗaya za ta haɗa salo huɗu a jere ba hutu.

Tsarin ba ya sauyawa. Za ta fara da salon malam-buɗe-littafi, inda hannaye biyu ke fitowa sama tare, ta koma iyon rigingine, daga nan iyon kwaɗo, ta rufe da salon ganin-dama. A Olamfik tseren iri biyu ne, na mita 200 da na mita 400, kowane salo da rubu'insa. Mata sun fara na mita 400 a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, inda Donna de Varona ta Amurka ta yi nasara, na mita 200 ya biyo baya a Meziko a 1968.

Abin da ya sa nake ganin wannan reshe ya fi sauran daraja shi ne ba ya rufa wa kowa asiri. Gwanar salo ɗaya tana iya ɓoye rauninta har ta yi ritaya. A nan kuwa dole ki ratsa ta inda ba ki da ƙarfi, a gaban alƙalai, bayan kin riga kin gaji. Iyon kwaɗo ne ya fi tona mutane, domin shi ne mafi nawa, kuma bugun ƙafarsa daban yake da na sauran ukun: gwiwa ce ke lanƙwashewa, tafin ƙafa ya juya waje ya ture ruwa. Sau da yawa wadda ke gaba a rabin tsere nan ake cim mata.

Sai kuma juyi a jikin bango, wanda ɗan kallo ba ya lura da shi amma alƙali ya zuba masa ido. A malam-buɗe-littafi da kwaɗo dole hannu biyu su taɓa bango lokaci guda. A ƙarshen rigingine dole ta taɓa tana kwance a bayanta, alhali ba ta ganin bangon. Abin da ke taimaka mata 'yan tutoci ne da ake ratayawa a sama, mita 5 kafin bango. Da ta gan su sai ta fara ƙirga bugun hannu, ta miƙa na ƙarshe, yatsu su taɓa, sannan ta wuntsila ta koma rub da ciki. In ta yi gaggawar kifewa kafin ta taɓa, aikin shekaru ya tafi. Haka ya faru da Alex Walsh ta Amurka a Faris a 2024: ta iso ta uku a mita 200, aka soke ta saboda wannan juyin, lambar tagulla ta koma hannun Kaylee McKeown ta Ostireliya.

Abincin sana'ar yana fitowa daga kyautar gasa, da tallafin hukumomin wasanni, da kamfanonin kayan iyo, da guraben karatu a jami'o'i. Katinka Hosszú ta ƙasar Hungari, wadda ta lashe tseren biyu a Riyo a 2016, ita ce ta fara tara sama da dala miliyan 1 daga kyautar gasa kaɗai, don ba ta ƙyale gasa ta wuce ta. Irinta kaɗan ne. Mafi yawa suna shiga ruwa tun asuba, su koma da yamma, shekara da shekaru, abin da suke samu bai wuce na kuɗin tafiya da na koci ba. Yanzu Summer McIntosh ta Kanada ce ke jan zaren sana'ar. Tana da shekara 17 ta ci zinare a duka biyun a Faris, a watan Yunin 2025 kuma ta gama mita 400 cikin minti 4 da daƙiƙa 23.65.

Afirka ma ta taɓa fitar da gwana. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ta samu tagulla a mita 200 a Atina a 2004, da azurfa a duka biyun a Bejin a 2008. A 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka.

A nan gida matsalarmu ba ta kai ga lambar yabo ba tukuna. Matanmu suna hawa kwale-kwale zuwa gona da kasuwa, da goyo a baya, yawancinsu ba su taɓa koyon ko shawagi a kan ruwa ba. Mun ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi, mun kuma ga kifewar kwale-kwale a Njuwa a 2023. Iyaye ba za su bar 'ya'yansu mata su cuɗanya da maza a ruwa ba, kuma suna da hujjarsu. Abin da zai buɗe hanya shi ne wurin iyo mai katanga, da ranakun da aka ware wa mata zalla, da kayan iyo masu suturta jiki, da malama mace da za a biya ta albashi. A ganina rigingine ya kamata ta fara koya wa yara, domin yarinyar da ta iya kwanciya a bayanta a kan ruwa tana iya numfashi har taimako ya iso.