BABI NA BIYU: AL'UMMAR GBAGYI DA ƘASARSU TA GADO A YANKIN BIRNIN TARAYYA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da matsayinsu a ƙasar da aka gina birnin Abuja a kanta. Manufar babin ita ce a nuna cewa yankin ba daji ne marar mai shi ba a lokacin da aka zaɓe shi a 1976. Haka kuma za a nuna cewa mutanen da aka tarar a cikinsa suna nan har yau, sai dai doka ta raba su da mallakar ƙasar da suka gada.

2.1 Su Wane ne Gbagyi

Gbagyi shi ne sunan da mutanen ke kiran kansu da shi, kuma shi suka fi so a kira su da shi. Masana harsuna sun sanya harshensu a gida ɗaya da Nufanci. Harshen ya kasu gida biyu, wato Gbagyi da Gbari, kuma masu magana da Gbari su ne Hausawa ke kira Gwarin Yamma. Ana samun wannan al'umma a jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa da kuma Yankin Birnin Tarayya. Babbar sana'arsu ita ce noma, musamman na doya da dawa, sannan matansu sun shahara wajen ginin tukwane da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka.

Ba su kaɗai ne 'yan asalin yankin ba. Akwai Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da Egbura da Amwamwa. An ɗauki Gbagyi a nan ne domin su suka fi yawa, kuma a kan gonakinsu aka gina mafi yawan unguwannin tsakiyar birnin.

2.2 Zamansu Kafin Zuwan Birnin Tarayya

A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yi kudu, ya sauka a Zuba wajen Koro. Bayan rasuwarsa, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Ke nan ko masarautar da birnin tarayya ya ari sunanta ta tarar da Gbagyi da Koro zaune a ƙasar. A cikin wannan ƙarni ne hare-haren neman bayi, musamman na Nagwamatse da zuriyarsa ta Kwantagora, suka sa ƙauyukan Gbagyi da yawa suka koma zama a kan duwatsu. Ba su sauko filin ƙasa sosai ba sai a zamanin mulkin Turawa. Wannan tarihi ne ya sa ƙauyukansu suka kasance ƙanana kuma a warwatse, har baƙon ido ya ɗauka ƙasar babu mutane.

2.3 Dokar 1976 da Batun Tayar da Mutane

A watan Agusta na 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Legas ta dace ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar ita ce wurin ba ya ƙarƙashin ikon ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Nijeriya. A watan Fabrairu na 1976 aka fitar da dokar soja mai lamba 6, wadda ta yanki ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Tsohon garin Abuja ya sallama sunansa ga sabon birni, aka koma kiransa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Shirin farko shi ne a kwashe dukkan mazauna yankin a mayar da su jihohin da ke maƙwabtaka, gwamnati ta ɗauki nauyin. Da aka gudanar da bincike sai aka ga yawan mutanen ya zarce abin da aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfin gwamnati. Saboda haka a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara: wanda aikin gini ya shafa kai tsaye shi za a tayar, sauran kuwa su zauna. Ta haka mutanen Wuse suka koma Sabon Wuse a Jihar Neja, daga baya kuma aka kai mutanen Maitama Kubwa. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, manufar ta ci gaba da sauyawa. A 1992 an yanke cewa ƙauyen Garki zai zauna a cikin birni a gyara shi, a 1999 kuma aka koma ga shirin tayarwa. Wannan kai-kawo ya bar ƙauyuka da yawa cikin rashin tabbas, domin mutum ba ya sakin jiki ya gina gida mai ɗorewa a inda aka ce masa gobe zai tashi.

2.4 Alamun Ɗorewar Zamansu

Duk da haka, Gbagyi ba su gushe daga yankin ba. Alama ta farko ita ce sunayen wurare. Garki da Jabi da Utako da Mabushi da Durumi duk sunayen ƙauyuka ne da birni ya tarar, kuma a wasunsu tsohon ƙauyen yana nan a tsakiyar benaye. Alama ta biyu ita ce sarautun gargajiya, kamar Sa'peyi na Garki da Sa'karuyi na Karu da Esu na Bwari. Alama ta uku ita ce sana'a. Ladi Kwali, wadda ta rasu a 1984, ta koyi ginin tukwane ne a gida kafin a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, kuma hotonta ne ke bayan takardar Naira 20. Har ila yau, matan Ushafa suna riƙe da wannan sana'a, kuma ƙauyen nasu ne Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000.

2.5 Matsayinsu a Doka

A nan ne gizo ke saƙa. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar yankin. Idan aka karɓi gonar manomi, diyyar da ake lissafa masa ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Bugu da ƙari, yankin ba shi da gwamna ko majalisar dokoki ta jiha. Minista ne wanda shugaban ƙasa ya naɗa ke tafiyar da shi, sannan yana da sanata 1 da 'yan majalisar wakilai 2 da ƙananan hukumomi 6. Ɗan Gbagyi na Minna yana da jihar da zai zaɓi gwamnanta, ɗan'uwansa na Garki kuwa ba shi da ita. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a nan baƙo ne ke riƙe da takardar fili. An ɗan samu sauyi a 2018 da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa 'yan asalin yankin sun cancanci kujerar minista, kuma a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo, ɗan asalin yankin na farko da ya riƙe irin wannan muƙami.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa zaman Gbagyi a yankin ya girmi masarautar Abuja, balle birnin tarayya. An kuma ga cewa shirin kwashe su bai kammalu ba, don haka suka ci gaba da zama a ƙasar da doka ta ce ba tasu ba ce. Babi na gaba zai duba yadda wannan hali ya shafi harshen Gbagyi a tsakanin matasan da suka taso a cikin birni.