Kafin Sabon Ma'aikacin Lafiya Ya Kama Aiki a Danchadi

Mai tari daga Danchadi, a ƙaramar hukumar Bodinga, ba ya fara zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Asibitin garinsu yake nufa, kuma ma'aikacin da ya tarbe shi iska ɗaya suke shaƙa. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, ga shi Najeriya ce ta fi yawan masu cutar a Afirka.

Shi ya sa ya dace a duba sabon ma'aikaci tun bai kama aiki ba. Idan tarinsa ya kai mako 2, ko yana ramewa da zufar dare, a gwada kakinsa da na'urar GeneXpert. Gwaji da maganin wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Sai ciwon hanta nau'in B, wanda allurar da aka yi wa mai cutar kan harba wa ma'aikaci idan ta soke shi. Sai a 2004 rigakafinsa ya shiga jerin alluran jarirai, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Allura 3 ce cikin wata 6.

Hukumomin lafiya na jihar Sakkwato su tabbatar an yi wa kowane sabon ɗauka wannan dubawa da rigakafi.